Mu Bari Ya Huce: Nasiha Kan Shan Abu Da Zafi Da Ciwon Maƙoshi



Akwai wata ɗabi'a da muka taso muka tarar, muka rungume ta har ta zama mana abin tinƙaho, wato shan abu da zafinsa. Ku tsaya a teburin mai shayi da asubar hunturu ku kasa kunne, ba za ku rasa jin wani yana cewa, "Haba Malam, ai wannan ruwan wanka ka ba ni, ƙaro mini mai zafi." Mai Keke zai kafa kai ya shanye kofi guda tururi na tashi, don fasinja na jiransa. A gida uwa za ta dama koko ta miƙa wa ɗan makaranta tana cewa ya yi sauri kada ya makara. Da azumi abin ya fi ƙamari: ladan bai gama kabbarar farko ba kunun tsamiya ya kai baki, maƙogwaron da ya yini a bushe shi zai karɓe shi yadda aka sauke shi. Karin maganarmu ma ta ɗaure wa abin gindi, tunda mu ne muka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A fagen ciniki da neman aure wannan magana tana da gaskiyarta. A kan kofin shayi kuwa, wanda ya bari ya huce bai yi asarar komai ba.

Mutum biyu nake so mu duba. Na farko shi ne wanda ya kurɓi shayi ko romo bai san zafinsa ya kai haka ba, kunya ta hana shi tofarwa a gaban mutane, ya runtse ido ya haɗiye, ya ji wuta ta bi ta ƙirjinsa har ciki. Kwana biyu yana jin zogi duk lokacin da ya haɗiyi abu, hankalinsa ya tashi, yana tambayar ko sai ya je asibiti an duba shi. Na biyu shi ne wanda ya shekara talatin yana shan shayi tafasasshe bai taɓa jin komai ba, amma a 'yan watannin nan loma ta fara tsaya masa a ƙirji sai ya kora da ruwa, shi kuma ko a jikinsa, ya ce tsufa ne ko olsa. Na farkon galibi haƙurin 'yan kwanaki ya ishe shi. Na biyun tun jiya ya kamata a kai shi asibiti. Mu kuwa mun juya abin, ƙaramin ya fi tayar mana da hankali saboda yana da zafi, babban mun yi masa shiru saboda a hankali yake zuwa.

Maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro ya gangara ta bayan zuciya zuwa tumbi, tsawonsa a jikin babban mutum kamar santimita 25 ne, kuma cikinsa a shimfiɗe yake da wata fata mai laushi, 'yar'uwar wadda ke cikin kunci. Baki yana da abin kare kansa. Harshe na jin zafi nan take, miyau na rage kaifinsa, in abin ya faskara a tofar. Maƙoshi ba shi da wannan gata, abin da aka haɗiye ya haɗiyu, kuma ba ya kai ƙara da wuri kamar harshe. Masu bincike sun taɓa auna zafin cikin maƙoshi a daidai lokacin da mutum ke shan gahawa mai digiri 65, suka ga zafin wurin yana ƙaruwa da digiri 6 zuwa 12, gwargwadon girman kurɓar. Ke nan mai kwankwaɗa ya fi mai kurɓa kaɗan-kaɗan ƙona kansa, ko da daga buta ɗaya aka zuba musu. Shi kuma mai cewa "ni bakina ya saba" gaskiya ya faɗa, bakinsa ne ya saba, ya daina yi masa gargaɗi, amma ruwan da ke gangarawa zafinsa na nan yadda yake.

To, wanda ya ƙone sau ɗaya, me zai yi? Ya kwantar da hankalinsa. Irin wannan ƙuna a mafi yawan lokuta saman fata take tsayawa, fatar wurin kuma tana saurin sabuntawa, cikin 'yan kwanaki zuwa mako guda ko biyu sai a nemi zogin a rasa. Ya riƙa kurɓar ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan. Ya koma abinci mai laushi wanda ya huce: fura da nono, kunu mai ɗumi-ɗumi, ayaba, dafaffen ƙwai, tuwo mai taushi da miyar kuɓewa ko kuka wadda ba a cika mata barkono ba. Ya hutar da kansa daga yaji da tsire da ƙuli-ƙuli da lemon tsami da duk wani abu mai kaushi ko tsami, ya kuma nisanci sigari. In zogin ya dame shi, farasitamol ya fi dacewa da shi a kan su ibufurofen da dikulofenak da asfirin, domin waɗannan su ma suna ƙwarzanar maƙoshi da tumbi. Ruwan maganin ƙwarnafi da ake sayarwa a kemis yana kawo sassauci, cokalin zuma ma ba laifi ga babba, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Muddin kullum sauƙi na ƙaruwa, babu buƙatar a zura masa wata na'ura.

Inda ba a jira shi ne idan numfashi ya fara wuya bayan ƙunar, ko murya ta dushe, ko ana jin wani ƙara in ana jan iska, ko miyau ya fara dalala saboda an kasa haɗiye shi. Wannan alama ce zafin ya taɓa ƙofar hanyar iska ta kumbura, kuma kumburin kan iya ƙaruwa cikin awoyi har ya toshe ta. Yara ƙanana sun fi shiga wannan haɗari saboda hanyar iskarsu ƙarama ce. A ɗauki yaro a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, ko zazzaɓi ya rufe shi tare da ciwon ƙirji mai tsanani, ko ruwa ma ya ƙi wucewa. Wanda kuma ciwonsa ke ƙaruwa bayan kwana biyu ko uku maimakon raguwa, ko ya haura mako guda babu alamar sauƙi, shi ma ya je a duba shi. Sannan a kiyaye wani abu: dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, gumi na keto masa, ciwon na bin hannun hagu ko muƙamuƙi, kada a ce shayin da ya sha ɗazu ne. Zuciya ce ake tuhuma har sai likita ya wanke ta.

Yanzu mu zo ga babbar maganar, ƙunar da ake maimaitawa safe da yamma shekara da shekaru.

A arewa maso gabashin Iran akwai wani lardi da ake kira Golestan, kusa da tekun Kasfiya, inda Turkumawa suke da yawa. Tun shekarun 1970 likitoci suka lura cewa ciwon dajin maƙoshi ya yi musu katutu fiye da kusan ko'ina a duniya. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, a Turai da Amurka giya da taba su ne manyan masu jawo irin wannan ciwo, su kuwa mutanen nan Musulmi ne, giya ba ta cikin al'adarsu, kuma matansu da ba su shan taba suna kamuwa kusan daidai da maza. Abin da suke sha, babba da yaro, baƙin shayi ne da yawa, kuma da zafinsa. A 2009 aka wallafa wani bincike da ya gwada majinyata 300 da lafiyayyun maƙwabtansu 571. Aka samu cewa masu shan shayi da zafi haɗarinsu ya ninka na masu shansa da ɗumi sau biyu, masu shansa da tsananin zafi kuwa ya ninka kusan sau takwas. Wanda ke kai kofi baki kafin minti biyu da zubawa ya fi wanda ke jiran minti huɗu ko fiye haɗari kusan sau biyar.

Masu ƙorafi suka ce, ai wanda ciwo ya riga ya kama zai iya ƙara gishiri in an tambaye shi yadda yake shan shayi a da. Ƙorafi ne mai ma'ana, kuma an amsa shi da aiki. Tun daga 2004 aka ɗauki mutum fiye da 50,000 'yan shekara 40 zuwa 75 a wannan lardi, suna lafiya lau, aka auna zafin shayin da kowa ke sha da ma'auni, sannan aka bi rayuwarsu kimanin shekara goma. Mutum 317 suka kamu da ciwon. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna cewa mai shan mililita 700 ko fiye a rana, wato kamar manyan kofuna biyu, da zafin digiri 60 zuwa sama, haɗarinsa ya ƙaru da kashi 90 cikin 100 a kan mai shan ƙasa da haka kuma da sanyi-sanyi. Wannan adadi bai kai na farko tsoratarwa ba, amma ya fi shi tushe, ni kuma shi na fi riƙewa.

Tsakanin waɗannan biyu, a 2016, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta tara masana suka duba hujjojin da ke ƙasa. Hukuncinsu shi ne duk abin sha da ya haura digiri 65 akwai kyakkyawan zaton yana jawo ciwon dajin maƙoshi. Ku lura da lafazin, zato ne mai ƙarfi, bai kai yaƙinin da ake da shi a kan taba ba, kuma ba na son in ƙara wa maganarsu abin da ba su faɗa ba. A zaman nan ne kuma suka sassauta wa gahawa, suka cire ta daga jerin abubuwan da ake tuhuma. Don haka babu mai cewa ku bar shayi, ko gahawa, ko kunu. Zafin ake magana. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, abin da aka tsiyayo daga butar da ke kan wuta kuwa ya wuce 65 nesa ba kusa ba.

A Kudancin Amurka, musamman Yurugwai da Ajantina da Faragwai da kudancin Barazil, suna da wani ganye da suke zuba wa ruwan zafi su zuƙa ta bututun ƙarfe, ruwan ya wuce kai tsaye zuwa maƙogwaro, kuma can ma an ga alaƙar. Amma mu bar nesa mu dawo nahiyarmu. Daga Habasha zuwa Kenya da Tanzaniya da Malawi har gabashin Afirka ta Kudu akwai wani ziri da wannan ciwo ya yi ƙaurin suna, Malawi ma tana cikin ƙasashen da suka fi kowa fama da shi a duniya. A yankin Kilimanjaro na Tanzaniya an bi mutane da ma'auni, aka tarar matsakaicin zafin shayinsu a kurɓar farko ya kai kimanin digiri 70, kuma shayi mai madara ya fi baƙi daɗewa bai huce ba. Masu son haɗin kauri sai su ji da kyau.

Wani babban bincike a ƙasar Sin, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 450,000 aka wallafa shi a 2018, ya ƙara haska wani gefe. A can, waɗanda suka haɗa shayi mai ƙuna da giya kullum haɗarinsu ya ninka sau biyar, waɗanda suka haɗa shi da taba ya ninka kusan sau biyu, waɗanda ba su taɓa ko ɗaya ba kuma ba a ga ƙari a fili a wurinsu ba. Fahimtar da masana suka yi ita ce zafi yana raunana fatar maƙoshi, tana warkewa ana sake ƙona ta, ta nan ne gubar hayaƙi da ta giya ke samun ratsawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To ku dubi teburin mai shayinmu, kwalin sigari a gefen gwangwanin madara yake, kofi a hannun dama kara a hannun hagu. Ku dubi samarinmu da shisha. Ku dubi iyayenmu mata da ke yini cikin hayaƙin itace a ɗakin girki marar taga, domin shi ma hayaƙin girki yana cikin abubuwan da ake tuhuma a gabashin Afirka, tare da rashin kula da tsabtar baki da ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itatuwa.

Gaskiya ɗaya ce, a ƙididdigar da ake da ita Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da wannan ciwo ya fi ƙaranci, ba mu kusa da Malawi ko Kenya ba, alhamdu lillahi. Mafi yawan masu shan shayi da zafi za su tsufa su mutu bai same su ba. Amma a ƙauyukanmu mutane nawa ne ke ramewa su rasu ba tare da an san sunan ciwon da ya ɗauke su ba? Kuma ciwo ne marar imani. Ƙiyasin 2022 ya nuna mutum fiye da 500,000 ne suka kamu da shi a duniya a shekarar, kimanin 445,000 suka mutu. Kusancin lambobin nan biyu shi ne abin tsoron, kuma babban dalilinsa shi ne ba a zuwa asibiti sai ya ci jiki. Abin da ake roƙonmu da shi don rage haɗarin kuwa minti biyar ne, ba a ce mu kashe ko sisi ba.

Ba sai kowa ya sayi ma'auni ba. In an zuba shayi, a ba shi minti huɗu zuwa biyar, a motsa shi da cokali. In ka kurɓa ka kasa riƙe shi a baki na 'yan daƙiƙu ba tare da ka yi saurin haɗiyewa ba, bai yi ba tukuna. In sai ka haɗa da zuƙar iska tana ƙara kafin ka iya sha, bai yi ba. Kunu da koko sun fi shayi yaudara, samansu ya yi yanar sanyi cikinsu na nan da wuta, ga kauri da ke sa su tafi a hankali suna manne wa hanya, don haka a dama su sosai a ƙara musu lokaci. Na filas shi ma kada a raina shi don an zuba tun asuba. Malam mai shayi, sheƙawar nan da kake yi tsakanin kofi biyu alheri ce, ka riƙa yi wa kowa ko bai roƙa ba, wanda ya ce ka ba shi tafasasshe ka ce masa lafiyarsa kake ji. 'Yan'uwanmu masu shayin gawayi a Agadas da Damagaram da Maraɗi, ɗaga buta sama da zubawa ana mayarwa yana rage zafi, ƙaramin kofi kuma yana tilasta ƙaramar kurɓa, sai dai kada a karɓa daga buta a jefa baki gaba ɗaya don na kusa na jiran kofin.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. An ruwaito cewa Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara musu yarda, idan ta yi abinci takan rufe shi ta jira har tafasarsa da tururinsa su kwanta, tana danganta hakan ga abin da ta ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya fi albarka. An kuma hana hura iska a cikin abin sha, aka koyar da mu sha da hutawa sau uku maimakon kwankwaɗa a numfashi ɗaya. Wanda aka hana shi hurawa, aka hana shi kwankwaɗa, me ya rage masa in ba jira ba? Mai azumi ya fara da dabino da ruwa, ya yi sallar magariba, in ya dawo kununsa ya yi daidai sha.

Sai kuma masu mai da ruwan zafi magani. A 2020, lokacin korona, saƙo ya yi ta yawo a WhatsApp cewa a riƙa shan ruwa mai tsananin zafi yana kashe ƙwayar cutar a maƙogwaro. Ƙarya ce. Zafin da zai kashe ƙwayar cuta a jikinka sai ya fara dafa naman wurin. Mai mura ya sha citta da lemon tsami da zuma da ɗumi, zai ji daɗin maƙogwaronsa, ƙarin zafi ba ya ƙara komai sai ƙuna. Haka mai jego da ake tsare ta a ce ta shanye kunu da zafinsa don jikinta ya gasu, iyayenmu mata ku yi mata sassauci, ku bar shi ya sha iska.

Mu koma kan mutum na biyu, wanda loma ke tsaya wa, domin saboda shi na ɗauki alƙalami. Abin yana da tsari, kuma duk wanda ya taɓa jinyar irinsa zai gane shi. Da farko nama ne ke tsayawa, sai ya ce haƙora ne, ya daina cin tsire. Bayan wata biyu gurasa da burodi sai an tsoma a shayi. Daga nan tuwo sai an cika masa miya, a yi ƙananan loma, kowace a kora ta da ruwa. Sai ya daina zama ci da jama'a don kada a ga yana shaƙewa, ya ce shi yanzu kunu ya fi masa daɗi. Riga ta fara yi masa yawa. A duk tsawon wannan lokaci gidan bai zauna ba, an je kemis an sayo maganin olsa kwali bayan kwali, an sayi jiƙo a wurin mai lasifika a tasha, wata gwaggo ta ce beli ne ya sauka aka kira wanzami ya yanke, wani ya ce jifa ne ko an sa masa abu a abinci, aka shiga zargin kishiya ko abokin kasuwa. Ranar da kunun ma ya ƙi wucewa sai a ɗauko mota a nufi asibiti, likita ya duba ya ce ina kuke tun watanni shida da suka wuce?

Maƙoshi yana da miƙewa, shi ya sa ƙari kan daɗe yana girma kafin mai shi ya ji wani abu. Ranar da loma ta fara tsayawa, an riga an ci lokaci, babu sauran na ɓatawa. A Ingila ƙa'idar likitocinsu ita ce duk wanda ya zo da wahalar haɗiya, ko shekarunsa nawa, a tura shi a leƙa maƙoshinsa da gaggawa. Mu ma mu ɗauki wannan a matsayin ƙa'idar gidajenmu. Maganin olsa yana iya rage ƙwarnafi ya sa a ga kamar an samu sauƙi, alhali abin da ke toshe hanyar bai motsa ba. Addu'a da rubutu ba su hana zuwa asibiti, Annabin da ya koya mana addu'a shi ya umarce mu da neman magani.

Kuma kada tsoro ya hana zuwa, domin ba duk wahalar haɗiya ce ciwon daji ba. Akwai wanda ruwan tsamin ciki ne ya daɗe yana tasowa yana ƙona ƙasan maƙoshi har wurin ya tsuke, ana buɗa shi a ba da magani. Akwai wanda ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi ce ta ƙi sakin jiki, shi ma akwai aikin da ake yi masa. Akwai wanda farar ƙwayar cuta ce ta mamaye wurin saboda garkuwar jiki ta yi rauni, kamar mai ciwon suga da ba a kula da shi ba ko mai ɗauke da cutar ƙanjamau, maganin makonni kaɗan ya warkar da shi. Akwai ma wanda kafso ne ya maƙale masa, musamman tetirasaikilin da doksisaikilin, saboda ya haɗiya da miyau ko da kurɓa ɗaya ya kwanta nan take, ƙwayar ta narke a hanya ta yi gyambo. Magani ana shansa ne da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, a kuma jinkirta kwanciya kamar rabin awa. Duk waɗannan daga waje kamanninsu ɗaya, babu mai rarrabe su da ido ko da lalube, sai an leƙa.

Leƙawar ita ce endoskofi. Wani siririn bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Za a ce kada ka ci komai na kimanin awa shida, a fesa maka maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar kwantar da hankali, a zura ta baki likita na kallo a allo. Aikin bai cika wuce minti goma zuwa sha biyar ba, ranar za ka koma gida. In an ga wani abu sai a tsinko ɗan nama da bai kai ƙwayar shinkafa ba a kai ɗakin gwaji, kuma tsinkowar nan ba ta sa ciwo ya bazu kamar yadda ake faɗa a gari. Inda babu wannan na'ura akan ba mutum wani farin ruwa mai kauri ya sha ana ɗaukar hoton ƙirjinsa, a ga inda hanyar ta tsuke. Ana yin waɗannan gwaje-gwaje a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato da Maiduguri, da manyan asibitocin Yamai. Mutumin ƙauye ya fara da asibitin da ke kusa, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya ƙarara cewa abinci na tsaya masa kuma yana ramewa, ya nemi takardar turawa gaba. Na san akwai kuɗi a ciki, ga na mota ga na gwaji, a wannan zamani da abinci ma ke gagara. Amma a lissafa abin da aka kashe a kemis da wurin masu jiƙo cikin wata shida, sau da yawa ya isa. Dangin da ke iya haɗa gudummawar biki cikin mako guda ba za su kasa haɗa kuɗin gwaji ba.

Kafin in rufe, ga wata ƙuna da ta fi ta shayi muni, ina roƙon mata masu sana'ar sabulu su saurara. Ruwan sodar da kuke jiƙawa kamarsa ɗaya da ruwan sha, kuma yara da dama a Afirka ta Yamma sun nakasa saboda an ajiye shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo a ƙasa. Kurɓa ɗaya tana cinye maƙoshi, bayan makonni wurin ya tsuke yaro ya kasa cin komai. Haka ruwan batir. Idan tsautsayi ya afku, kada a sa yaron amai, domin abin zai sake ƙona hanyar da ya bi, kada a ɗura masa manja ko wani jiƙo. A wanke masa baki a tafi asibiti nan take, ko da bakin nasa ba a ga rauni ba, a tafi da mazubin don likita ya san abin da ya sha.

Ku kuma 'ya'ya da matan gida, ku ne kuke ɗauke kwano bayan Baba ya ci, ku ne kuke ganin abin da ya rage. Dattijo ba zai ce muku loma na tsaya masa ba, kunya da dauriya ba za su bar shi ba. In kun ga ya fara ture nama gefe, yana kora kowace loma da ruwa, ya koma kunu dare da rana, jikinsa na zubewa, ku zauna ku tambaye shi cikin ladabi, sannan ku kai shi asibiti a makon nan, kada ku ce sai bayan girbi ko bayan salla.